Na kai ƙanena gwajin sida a Yamai, ga ra'ayina kan wurin

Wanda ke neman inda zai yi depistaj, wato gwajin sida, a Yamai ba tare da an yi masa wasa da hankali ba, akwai wani santir da zan iya cewa ya je, ba zan faɗi sunanshi ba don akwai abubuwan da zan kushe a ciki, amma masu kabo-kabo sun san irin wuraren nan in ka tambaya. In da maki ake badawa zan ba su bakwai ko takwas cikin goma. Abin da ya ja musu makin nan shi ne ba su sayar maka da kwanciyar hankalin da ba ta da tushe.

Ƙanena ne ya shiga matsala, roba ta fashe masa da wata wadda bai san ta sosai ba, ya ɓoye abin har ya fara rama, sai da na matsa masa ya faɗa mini. Lokacin ko wata bai cika ba da faruwar abin. Kafin ma ya gaya mini ashe ya riga ya je wani labo mai zaman kansa ya biya kuɗi, an soki yatsa, an ba shi takarda an rubuta negatif, babu wanda ya tambaye shi yaushe abin ya faru. To shi da ke kwana kan Google ya karanta cewa wannan sakamakon bai isa ba, sai tsoron ya ninka.

A santir ɗin nan kuwa tambayar farko da matar da ke ba da shawara ta yi ita ce "ɗana, wace rana ce abin ya faru?" Hajiya ce babba, ta haifi irinmu, kuma wallahi ba ta ɗaure fuska ba, ba wa'azi ba tsawa. Da ya faɗa mata sai ta ce "to zan yi maka gwajin yau in kana so, amma ka sani in ya fito negatif ba mu gama ba, sai ka dawo." Ta zauna ta yi mana bayani da Hausa tsaf, ba irin faransancin nan da ake jefa maka ka fita ba ka gane komai ba.

Ga yadda abin yake, kuma daga baya na duba na ga ya yi daidai da alƙaluman CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka. Wannan ɗan gwajin na sauri da ake soka yatsa a ɗiga jini, minti 15 zuwa 20 a ba ka amsa, yawancinsu ba ƙwayar cutar suke gani ba, sojojin da jiki ya ƙera don yaƙi da ita suke nema, kuma jiki ba ya ƙera su rana ɗaya. Irin wannan yana fara kama cutar tsakanin kwana 23 zuwa 90 bayan haɗuwa da ita. Ma'ana wani jikinshi zai nuna a sati huɗu, wani sai ya kusa wata uku. Akwai wanda ya fi shi, wanda ake ɗebo jini daga jijiyar hannu a kai labo, shi yana neman sojojin kuma yana neman wani yanki na ƙwayar kanta da ake kira p24 wanda ke bayyana da wuri, wannan kwana 18 zuwa 45 ne. Sai na uku mai neman ƙwayar kai tsaye a cikin jini, PCR, kwana 10 zuwa 33, amma yana da tsada kuma ba ko'ina ake yi ba, an fi amfani da shi ga jarirai da masu shan magani don a ga yawan ƙwayar a jikinsu. Kwanaki goman farko kuwa babu gwajin da zai gani, ko nawa ka biya.

Kenan takardar negatif ɗin da yaro ya biya kuɗi ya karɓo ba ƙarya ba ce, labarin jikinshi na watannin baya ta faɗa, ba labarin wancan daren ba. Wannan shi ne abin da ke ba ni haushi da wasu labo, ba injinsu ne ba shi da kyau ba, bakinsu ne ke da nauyi, minti biyu na bayani ya gagare su.

Wani abu da Hajiya ta faɗa wanda ya sa ƙanena ya dafe kai, ta ce da ya zo cikin awa 72 da faruwar abin akwai maganin kariya da ake bayarwa, ana sha kullum har kwana 28, kuma in an fara da wuri yana hana ƙwayar zama a jiki. Kunya ta sa ya zauna a ɗaki har lokacin ya wuce. Mutane da yawa ba su san da wannan ba, har ma'aikatan gidan likita da allura ke soka, da matan da aka yi wa fyaɗe Allah ya kiyaye, duk wannan maganin ne ake ba su. Ta ce wanda ya sha shi ma sai ya sake gwaji bayan ya gama, don maganin na iya jinkirta fitowar sakamako.

Ya kawo mata zancen zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da ya yi, ta yi dariya ta ce "ɗana a garin nan wa ba ya zazzaɓi?" Gaskiya ne wasu suna yin kamar mura da zazzaɓi sati biyu zuwa huɗu bayan kamuwa, wasu kuma ba su jin komai, kuma da zazzaɓin sauro da wannan ba ka rabe su da ido. Sai ta tura shi ya yi gwajin palu, wato zazzaɓin sauro, ta kuma ce a duba hepatit B da sifilis tunda hanya ɗaya suke bi. Ta gargaɗe shi ya kama kanshi kafin gwajin ƙarshe, don in har ƙwayar ta shiga to a makonnin farkon nan ta fi yawa a jini kuma ta fi saurin yaɗuwa, duk da takarda na cewa negatif. Ta ce kuma kar ya je ba da jini wai don a gwada masa a ɓoye, akwai masu wannan dabara, kuma rayuwar wani suke sakawa cikin haɗari.

Yanzu abin da bai yi mini ba. Wurin jira a fili yake, benci ne a bakin ƙofa, duk mai wucewa zai gan ka, kuma Yamai ƙarami ne, sai ka ɗaga kai ka ga ɗan unguwarku. Ana ba ka lamba maimakon suna, wannan ya yi kyau, amma me amfanin lamba in fuskarka na waje? Sannan gwajin labo mai kama cutar da wuri babu shi a wurin, takarda suka rubuta mana muka je wani wuri muka biya, kuma ba kuɗi kaɗan ba ne ga mai neman na yau da gobe. Na saurin dai ba su karɓi ko dala ba. Rashin fanka mai aiki a ɗakin ma ba sai na faɗa ba, zafin garin nan kun san shi.

Na tambaye ta in da ya fito pozitif fa? Ta ce gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, sai an maimaita da wasu kala daban sun tabbatar kafin a ce maka kana da ita, har a bambance ko nau'i na 1 ne ko na 2, tunda na 2 ɗin a Afirka ta Yamma aka fi samunshi kuma maganinsu ba koyaushe yake zama iri ɗaya ba. Maganin ARV kuma, wato wanda masu ɗauke da cutar ke sha don danne ƙwayar, kyauta ake ba da shi a Nijar.

Na labo ya yi shi bayan ya wuce kwana 45 ɗin nan ya fito negatif, da wata uku ta cika ya koma wurin Hajiya aka sake soka yatsa, nan ma negatif, alhamdulillah, ta ce masa wannan karon an gama, kar ya ƙara kashe kuɗi yana zagayen labo. In za ku je ku yi sammako kafin benci ya cika, ku kuma riƙe ranar da abin ya faru a waya, don ita za a fara tambayarku.