Littafin darasin akanta ko na tsoffin tambayoyi: wanne za a fara saya wa 'yar SS1?

Hajiya, tunda kuɗin guda ɗaya ne a hannu, ki saya mata cikakken littafin darasi, wanda ya haɗa SS1 zuwa SS3. Na tsoffin tambayoyi ya jira.

Akanta, wato darasin riƙe lissafin kuɗin kasuwanci, ba darasin hadda ba ne. Komai nasa a kan doka ɗaya yake tafiya: duk ciniki sau biyu ake rubuta shi, debit a hagu, kiredit a dama. An ba mutum buhun shinkafa bashi, sai a yi debit a shafinsa na leja, wato babban littafin asusu, a yi kiredit a shafin kayan da aka sayar. Ranar da ya biya, shafin kuɗi ya karɓi debit, nasa ya karɓi kiredit. Yaron da wannan bai zauna masa ba a zangon farko, zai sha wuya a gwajin daidaiton leja, da lissafin riba da asara, da daidaita littafinsa da takardar banki, balle asusun haɗin gwiwa da na kamfani da ke jiransa a gaba. Littafin darasi ne kaɗai yake bin wannan daki-daki, da misalin da aka warware layi bayan layi.

Nawa gadon yayana ne. Bangonsa ya yage, amma duk gefen shafi rubutun fensirinsa ne, inda yake nuna dalilin da ya sa ragin da aka yi wa mai saye ya faɗa wannan gefen, ba wancan ba. Da shi na koyi littafin kuɗi mai layi uku, a kan tabarma bayan sallar isha'i, ina jan layi da rula a takardar fulskaf. Yau shi ne a hannun ɗan ƙanwata, ni kuma da abin da na koya a cikinsa nake riƙe lissafin shago.

Na tsoffin tambayoyi, to, yana da ranarsa in ta shiga SS3. Zai nuna mata yadda WAEC da NECO suke juya tambaya, shi ke nan. Amsoshin bayansa sau da yawa babu bayani, wasu ma kuskure ne. A WAEC kuwa tambayoyin zaɓi 50 ne a takarda ta farko, amma mafi yawan maki yana takarda ta biyu, inda za ta zana asusu da hannunta, a ba ta maki kan kowane layi da ta shigar daidai.

Ki duba shekarar bugu. Tun da Najeriya ta fara bin ƙa'idojin akanta na duniya a 2012, sunayen wasu abubuwa sun sauya, har takardar kadara da bashi ta sami sabon suna. Sai ki tambayi malaminsu wane bugu yake koyarwa da shi.

Sannan ki yi hattara da masu sayar da na jabu. Bango sabo fil, ciki tsohon bugu, tawada ta dusashe har 3 da 8 ba sa rabuwa, wani lokaci babi guda babu shi. Kada ki yarda da na cikin leda da aka hana buɗewa. Ki buɗe tsakiya, ki bi lambar shafuka, ki ga ko layukan asusu sun fito sarai. In da canji, ki haɗa mata da rula da kalkuleta.