Asuwaki, burushi ko ruwan kurkure baki: me mai ciwon sukari zai saya a Zariya?

Kawuna da ke Tudun Wada ya shekara tara da ciwon sukari. Ba ya wasa da magani, shayinsa ma ba sukari, amma kullum in ya yi asuwaki ya tofar sai ka ga yawun ja-ja. In an yi magana ya ce, "Ai ƙarfin itacen ne." Sai da haƙorinsa na ƙasa ya fara girgiɗa na kai shi wurin likitan haƙori, kuma tambayar farko da likitan ya yi masa ita ce, "Baba, nawa sukarinka ya kai a gwajin ƙarshe?"

Ga dalilin tambayar. Dauɗar nan mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙori ƙwayoyin cuta ne. In an bar ta sai ta daskare ta zama kamar dutse, dasashi ya kumbura yana jini, a hankali ciwon ya ci ƙashin da ke riƙe da haƙorin. Sukari in ya hau yana raunana garkuwar jiki, yana busar da baki, don haka ciwon dasashi ya fi saurin kama mai sukari. Shi kuma kumburin yana rage wa insulin, sinadarin da ke sauke sukari a jini, ƙarfin aiki, sai sukarin ya ƙi sauka. Kowanne na hura wa ɗan'uwansa wuta. Wani nazari da cibiyar Cochrane ta fitar a 2022 ya nuna cewa yi wa mai sukari maganin ciwon dasashi yana sauke awon HbA1c, wato gwajin jinin da ke nuna matsakaicin sukarin watannin baya, da kusan 0.4 cikin wata uku zuwa huɗu. A ido kaɗan ne, amma duk wanda ke fama da awon nan ya san ba a samun sa a banza.

Batun zuciya kuwa sai an yi a hankali. An fi samun ciwon zuciya a cikin masu ciwon dasashi, amma Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta bayyana a 2012 cewa ba a tabbatar ɗaya ne ke haddasa ɗaya ba, tunda taba da sukari da tsufa suna kawo duka biyun. Abin da ya tabbata shi ne ƙwayoyin cutar baki kan shiga jini, kuma ga wanda ƙofofin zuciyarsa suka riga suka lalace, suna iya maƙalewa a can su haifar da ciwo mai haɗari.

To, ka shiga kasuwar Sabon Gari da 'yan kuɗinka, me za ka ɗauka?

Ba zan ce kowa ya yar da asuwaki ba. Sunna ce, ga araha, kuma yana aljihunka duk lokacin alwala, abin da burushi ba zai yi ba. Ko na Makka ne ko na darbejiya, zaɓi ɗanye mai kaurin ƙaramin yatsa, ka tauna shi ya yi laushi, ka riƙa yanke bakin da ya tsufa. Rauninsa biyu ne. Ba ya kaiwa bayan haƙoran ciki yadda ya kamata, kuma mutanenmu dirza suke da shi kamar masu wankin tukunya, har dasashi ya janye, gindin haƙori ya fito fili.

A wajen burushi ne aka fi yin asarar kuɗi, don yawancinmu mai tauri muke nema, wai ya fi fitar da datti. Dauɗar da ake son cirewa mai taushi ce, wadda ta daskare kuwa ko wane burushi ba zai kankare ta ba. Mai taurin dai dasashi yake ci. Nemi wanda aka rubuta "soft" a jikin kwalinsa, mai ƙaramin kai da zai shiga lungu. Ka canza shi duk wata uku, ko da zarar gashinsa ya baje. Gara mai sauƙin kuɗi da za ka iya canzawa a kan kari da mai tsada da za ka riƙe shekara guda kana tausayinsa. Na lantarki ya ɗan fi wankewa, gaskiya ne, amma ga tsada, ga caji, ga wahalar samun kan da za a sauya. Wanda na ga ya cancanta a saya masa shi ne mai shanyewar ɓarin jiki ko wanda ciwon gaɓoɓi ya hana hannunsa juyawa.

Man goge baki, wanda har yau a gidanmu kowane iri makilin ake ce masa, kada sunan kamfani ya ɗauke maka hankali. Juya bayan kwalin ka duba abu uku: lambar NAFDAC, ranar lalacewa, da sinadarin fuloraid. Na manya ya kasance tsakanin 1,000 zuwa 1,500 ppm (awon yawan fuloraid ɗin ke nan), yawancin Close-Up da Colgate da Oral-B za ka same su a nan. Fuloraid ne ke hana kogon haƙori, kuma mai bushewar baki ya fi kowa buƙatarsa tunda yawun da ke kare haƙoransa ya ragu. Sau biyu a rana, minti biyu, na dare ya fi muhimmanci. In ka gama ka tofar kawai, kada ka bi da ruwa ka wanke maganin. Masu gawayi da masu alƙawarin farin haƙori cikin mako guda, ni dai wucewa nake. Jan goro na shekara talatin ba makilin ne zai fitar da shi ba.

Tsakanin haƙora nan ciwon dasashi ya fi farawa, kuma nan ne muke cusa tsinken tsintsiya ko ashana bayan mun ci tsire. Zaren sakace ya fi ga wanda haƙoransa ke matse. Dattijon da gibi ya buɗe masa kuwa, ɗan ƙaramin burushin nan da ake zurawa tsakanin haƙora ya fi masa sauƙi. Ba kowane kanti ke da shi ba, sai manyan kemis.

Ruwan kurkure baki shi ne na ƙarshe a jerin sayayyata. Yana ɓoye wari na ɗan lokaci, ba ya cire dauɗa, kuma mai barasa a ciki yana ƙara busar da baki. Mai sinadarin chlorhexidine magani ne na gaske, amma na 'yan kwanaki ne bisa umarnin likita, in an daɗe ana amfani da shi yana rina haƙora.

Mai hawan jini ya lura da wani abu: magungunan hawan jini irin su amlodipine da nifedipine kan sa dasashin wasu ya yi kauri ya hau kan haƙora, kuma dauɗa na ƙara tsananta shi. Kada ka daina shan maganin da kanka, ka nuna wa likitan da ya rubuta maka.

Kuɗin da ka rage daga ruwan kurkure da makilin gawayi, ka tara su don wankin haƙori a asibiti, ko a sashen haƙori na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ko wani wurin da ke da ƙwararren likita. Ka tafi da kwalayen magungunanka duka, musamman in kana shan na tsinka jini, kuma mai sukari ya karya kumallo kafin ya hau kujerar. Kawu an wanke masa nasa, an cire mai girgiɗar nan don ya riga ya wuce gyara. Yanzu burushinsa mai laushi na cikin kofi a bakin randa, asuwakin kuma yana nan a aljihun gaba inda ya saba zama.