Louvre ko Quai Branly: Wanne Ya Fi Dacewa da Mai Yini Guda a Paris?

Malam, barka da war haka. Na ga tambayar da ka yi a zauren nan, inda ka ce wani taro zai kai ka birnin Paris, kuma bayan an tashi daga taron yini guda tak zai rage maka kafin ka kamo hanyar gida, shi ya sa kake neman shawara tsakanin gidan tarihi na Louvre, wanda kowa ya san sunansa, da na Quai Branly, wanda wani abokin aikinka ya ambata maka. Shawarata ita ce ka tafi Quai Branly. Sai dai zan jera maka su biyun kafaɗa da kafaɗa domin ka ga hujjata, ka kuma samu damar saɓa mini idan abin da ranka yake so daban ne.

Tun kafin a shiga muhawara, ranar da za ka samu sarari tana iya yanke hukunci da kanta, domin Louvre ba ya buɗewa ranar Talata, shi kuma Quai Branly ba ya buɗewa ranar Litinin. Idan yinin naka ya faɗo a ɗaya daga cikin waɗannan ranaku, to magana ta ƙare.

Babban bambancin da ke tsakaninsu, ga mai ƙarancin lokaci, shi ne girma. Louvre ba a gina shi domin ya zama gidan tarihi ba. Sarki Philippe Auguste ne ya fara kafa shi a matsayin ganuwar tsaro a bakin kogin Seine wajen shekarar 1190, daga baya ya zama fadar sarakunan Faransa, kowane sarki yana ƙara masa ɓangare, har lokacin da Louis na 14 ya mayar da fadarsa Versailles a 1682. A watan Agustan 1793, ana tsakiyar juyin juya halin ƙasar, aka buɗe shi ga jama'a. Wannan tarihi ne ya sa gidan ya zama dogayen soraye da matattakalai da lunguna a cikin fukafukai uku, wato Denon da Sully da Richelieu, inda aka baje kayayyaki kimanin 35,000. Dalar gilashin da ke tsakar gidan, wadda ake yawan ɗaukar hoto a gabanta, sabuwa ce ƙwarai idan aka gwada ta da sauran ginin, domin a 1989 aka buɗe ta a matsayin ƙofar shiga. Wanda ya shiga Louvre ba tare da ya tsara abin da ya je gani ba, kamar baƙon da aka sauke ne a tsakiyar Kantin Kwari bai san layin da yake nema ba: zai sha yawo, ƙafafunsa su yi tsami, ya fito ya kasa faɗin abin da ya gani.

Quai Branly kuwa an gina shi ne takanas domin aikin da yake yi. An buɗe shi a watan Yunin 2006 bisa ƙudurin Shugaba Jacques Chirac, wanda aka ƙara sunansa a kan na gidan a 2016, kuma Jean Nouvel ne ya zana ginin. Abin da yake ajiye ya haura kaya 300,000 daga Afirka da Asiya da tsibiran tekun Fasifik da nahiyar Amurka, amma kimanin 3,500 ne kawai ake nunawa a babban zauren, kuma dukansu a kan doguwar farfajiya guda suke, kowace nahiya da yankinta. Mutum yana iya zagaya shi a natse cikin sa'o'i biyu zuwa uku, ya tsaya ya karanta bayanai, ya koma ya sake duba abin da ya ja hankalinsa, sannan ya fito da sauran ƙarfi a jikinsa.

Sai batun cunkoso. Louvre ya fi kowane gidan tarihi a duniya karɓar baƙi, ya taɓa haura mutum miliyan 10 a shekarar 2018, kuma yanzu hukumarsa ta taƙaita masu shiga zuwa 30,000 a yini, shi ya sa ya kamata ka sayi tikiti ta intanet ka zaɓi sa'ar shigarka tun kafin ka bar gida. Mafi yawan wannan taro wuri ɗaya suke nufa, wato ɗakin da aka rataye zanen Mona Lisa na Leonardo da Vinci. Gara ka sani tun yanzu cewa zanen ƙarami ne, tsawonsa santimita 77, faɗinsa 53, yana bayan gilashi mai kauri, kuma za ka hango shi ne ta saman kawunan mutane da wayoyinsu na ɗan lokaci kafin ma'aikata su ce a matsa. Sunan da ya yi a duniya ya ƙaru sosai ne bayan an sace shi a 1911, aka gano shi a Italiya a 1913. Ba raina gwanintar mai zanen nake yi ba, amma ban ga hikimar mutum ya ba da rabin yininsa guda domin kallon daƙiƙu kaɗan ba. A Quai Branly babu irin wannan turmutsitsi, kuma sau da yawa mutum yakan tsaya gaban abu shi kaɗai.

Duk da haka, rashin adalci ne a ce Louvre Mona Lisa ce kawai, kuma a nan ne yake da abin da Quai Branly ba zai taɓa ba ka ba. A sashen tsohuwar Misira, wanda Champollion, mutumin da ya warware rubutun Fir'aunoni, ya kafa a 1826, akwai mutum-mutumin magatakarda da ke zaune ya tanƙwashe ƙafafu da takarda a cinyarsa, wanda ya haura shekara 4,000 amma har yau fentin jikinsa bai goge ba. A sashen Gabas ta Tsakiya akwai baƙin dutsen da aka sassaƙa dokokin Hammurabi, sarkin Babila, a jikinsa, tsayinsa ya ɗara mita 2, da kuma manyan bijimai masu fukafukai da kan mutum waɗanda suka tsare ƙofofin fadar Sarki Sargon na 2 a ƙasar da yanzu take Iraƙi. Ga ɗalibin tarihi, waɗannan kaɗai sun isa dalilin tafiya.

Abin da na fi so in ja hankalinka gare shi a Louvre shi ne sashen fasahar Musulunci, wanda aka buɗe sababbin ɗakunansa a 2012 a ƙarƙashin wani rufi mai ruwan zinariya da ya yi kama da mayafin da iska take kaɗawa. A can za ka ga ƙaramin akwatin hauren giwa da aka sassaƙa wa Yarima al-Mughira, ɗan halifan Ƙurɗuba, a Andalus a shekarar 968, da wata babbar tasar tagulla da aka yi wa ado da azurfa da zinariya a zamanin sarakunan Mamluk na Misira da Sham, wadda maƙerinta, Muhammad ibn al-Zayn, ya sa hannu a jikinta, kuma daga baya gidan sarautar Faransa ya riƙa amfani da ita wajen yi wa 'ya'yansu wankan baftisma. Akwai darduma da tangaran da ƙofofin katako da rubutun Larabci iri-iri. Sai dai iyakar sashen daga Andalus ne zuwa Indiya, saboda haka da wuya ka ci karo da Musuluncin ƙasashenmu na kudu da Sahara a ciki, kamar dai ba a taɓa rubuta littafi a Timbuktu ko Katsina ko Gazargamu ba.

Wannan giɓi shi ne ya kawo ni ga ainihin dalilin da ya sa na zaɓa maka Quai Branly. A can ne Afirka take, kuma da yawa fiye da yadda mutum zai zata. Rahoton da masana biyu, Felwine Sarr na Senegal da Bénédicte Savoy ta Faransa, suka miƙa wa Shugaba Macron a watan Nuwamban 2018 ya nuna cewa akwai kayan tarihin Afirka ta kudu da Sahara kimanin 90,000 a gidajen tarihin gwamnatin Faransa, kuma kusan 70,000 daga ciki a wannan gida guda suke. Ƙasar da ta fi kowace yawan kaya a wurin ita ce Chadi, da fiye da 9,000, sai Kamaru tana biye da ita. Mafi yawansu sun shiga Faransa ne a zamanin mulkin mallaka, wasu ta hanyar ciniki ko kyauta, wasu ganimar yaƙi, wasu kuma ta hannun ayarin masu bincike irin wanda Marcel Griaule ya jagoranta daga Dakar zuwa Jibuti tsakanin 1931 da 1933, wanda ya ratsa Nijar da arewacin Najeriya da Kamaru, ya koma gida da kaya kimanin 3,500, kuma ɗaya daga cikin 'yan ayarin ya rubuta da hannunsa yadda suka karɓe wasu da barazana, wasu kuma suka ɗauke su a ɓoye.

Saboda haka idan ka shiga yankin Afirka, ka ga saƙa da rini da aikin fata da ƙira da sassaƙa, ka ga kayan ado na Buzaye da kujerun sarautar Kamaru, ba kallon baƙon abu za ka yi ba, kuma ina roƙonka ka riƙa karanta ɗan allon da ke gefen kowane kaya, musamman layin da ke faɗin wanda ya kawo shi da shekarar da ya shigo. Wannan layi yakan fi sauran bayanin faɗin gaskiya. Gidan nan ne ya riƙe kayan fadar Abomey guda 26 waɗanda sojojin Faransa ƙarƙashin Janar Dodds suka kwashe a 1892, har sai da aka yi doka ta musamman aka mayar wa Jamhuriyar Benin da su a watan Nuwamban 2021, shekara huɗu bayan alƙawarin mayar wa Afirka kayan tarihinta da Macron ya yi a Wagadugu. Idan ka auna 26 da 70,000, za ka fahimci dalilin da ya sa maganar ba ta mutu ba. Dokar nan ce kuma ta tabbatar wa Senegal takobin da ake danganta shi da Shehu Umaru Futi, wanda ya zauna a Sakkwato zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello har ya auri 'yarsa, ko da yake shi takobin a gidan tarihin soja yake, ba a Quai Branly ba.

Mu ma a Najeriya muna da namu rabon a wannan labari. A ƙarshen shekarun 1990 gwamnatin Faransa ta sayi mutum-mutumin yumɓu guda uku daga hannun wani dillali a Beljiyam domin wannan gida da ake shirin ginawa, biyu na al'adar Nok ta kudancin jihar Kaduna, ɗaya kuma daga yankin Sakkwato, alhali dokar Najeriya ta haramta fitar da irinsu. Da aka fara nuna su a wani sashe na Louvre a shekarar 2000 sai ƙura ta tashi, kuma a 2002 aka daidaita a kan cewa mallakar Najeriya ne, amma za su zauna a Faransa a matsayin aro na shekara 25 wanda ake iya sabuntawa. Wanda ya san wannan kafin ya shiga, kallon da zai yi wa gidan ya bambanta da na ɗan yawon buɗe ido kawai.

Ba zan ɓoye maka aibin Quai Branly ba. Zauren yana da duhu, da gangan aka yi shi haka, an haska kayan kaɗai an bar sauran wurin dishi-dishi, kuma tun ranar da aka buɗe shi masana da dama suke sukar wannan tsari da cewa yana nuna kayan mutane kamar abubuwan tsafi a cikin kurmi, maimakon aikin gwanaye masu suna da gari da zamani. Ina tare da masu wannan suka. Bayanan da ke jikin kayan ma gajeru ne, kuma galibinsu da Faransanci suke, don haka idan ba ka jin harshen yana da kyau ka karɓi na'urar bayani ta saƙalawa a kunne. Amma akwai abin da ke faranta rai tun daga ƙofa: bangon da aka lulluɓe da tsirrai masu rai daga ƙasa har sama, da lambun da ginin yake tsaye a kansa bisa ginshiƙai, da wata hasumiyar gilashi a tsakiyar gidan wadda aka jera dubban kayan kiɗa a cikinta.

Idan da iyali za ka tafi, ka san cewa zanen Turawa da sassaƙarsu, musamman na Girka da Rum, cike suke da siffofin tsiraici, kuma a Louvre ba yadda za ka kauce musu ko da sashen Musulunci kawai ka nufa. A Quai Branly ma akwai, amma bai kai haka ba. Ta fuskar kuɗi, tun watan Janairun 2026 baƙon da ya fito daga wajen Turai yana biyan Yuro 32 a Louvre, na Quai Branly kuwa bai kai rabin haka ba, kuma kyauta ake shigarsa a Lahadin farko ta kowane wata. Yaran da ba su kai shekara 18 ba ba sa biya a duka biyun.

Wurin da kowanne yake shi ma abin dubawa ne. Quai Branly yana daf da hasumiyar Eiffel, tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa, don haka da safe ka gama da gidan tarihin, da rana ka hau hasumiyar ko ka tsaya a gindinta, ka ga ka haɗa biyu a yini guda ba tare da gaggawa ba. Daga tashar Pont de l'Alma jirgin ƙasa na layin RER C zai kai ka tashar Austerlitz kai tsaye, ka ratsa lambun Jardin des Plantes da ƙafa ka iske Babban Masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926 domin tunawa da sojoji Musulmi da suka mutu suna yi wa Faransa yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda za ka yi salla ka kuma samu abinci a gefensa. Idan kuma duk da abin da na faɗa zuciyarka tana kan Louvre, to ka zaɓi ranar Laraba ko Juma'a da ake kaiwa dare ba a rufe ba, ka taƙaita kanka ga sashen Musulunci da na Misira da dutsen Hammurabi, ka bar sauran sai wata tafiyar. Daga ƙofarsa layin metro na 7 zai sauke ka a tashar Place Monge, wadda take kusa da masallacin.