Littattafan dainoso masu hotuna: wanne ya cancanci kuɗinka?

Shagunan littattafai na Gombe da Bauchi, da masu shimfiɗa gwanjon littattafai a bakin titi, sukan kawo manyan littattafan nan masu kala da ke bayani kan dainoso, wato dabbobin da suka rayu a doron ƙasa tun kimanin shekara miliyan 230 da suka wuce. Kusan duk da Turanci suke. Hotunansu na kama hankalin yaro, kuma don wannan kaɗai ma sun isa a saya. Sai dai da yawa tsofaffin bugu ne, ko sabon bango a kan tsohon bayani, alhali ilimin nan ya canza sosai daga 1990 zuwa yau.

Kafin ka ciro kuɗi, buɗe shafin Tyrannosaurus rex. In an zana shi tsaye ƙiƙam, wutsiya na jan ƙasa, mayar wa mai shago kayansa. Dabbar tana tafiya ne da gadon bayanta a kwance, wutsiyar a sama tana daidaita nauyin kai kamar sikeli. Shaida kuwa, sawun ƙafafun dainoso da suka daskare a duwatsu da wuya a ga alamar jan wutsiya a tsakaninsu. Daga nan nemi Velociraptor. Girman jikinsa bai wuce na babban talotalo ba, kuma gashin tsuntsu ne a jikinsa, ba fata irin ta damo ba. Tun 1996 aka fara tono dainoso masu gashi a lardin Liaoning na ƙasar Sin, a 2007 kuma aka ga gurbin gashin a ƙashin hannun Velociraptor kansa. Littafi mai kyau zai faɗa maka cewa tsuntsaye zuriyarsu ce, har da kazar da ke tsakar gida.

Duba kuma shekarar ƙarewarsu. Tsofaffin littattafai na cewa shekara miliyan 65 da suka wuce, na yanzu miliyan 66, lokacin da wani dutse mai faɗin kimanin kilomita 10 ya faɗo daga sama a Chicxulub, ƙasar Meziko. Bambancin ba shi da yawa, amma yana tona shekarun littafin ko da an yage shafin bugu. Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne sa Pteranodon mai tashi da manyan dabbobin teku a sahun dainoso. Zamaninsu ɗaya, dangi dabam.

Babban aibin littattafan nan ba kuskure ba ne, shiru ne. Yaro zai haddace sunayen Montana ta Amurka da Mongoliya, ya rufe littafi yana zaton abin na can ne kawai. Ga shi kuwa a maƙwabta, a Gadufawa da ke yankin Agadas na Jamhuriyar Nijar, akwai ɗaya daga cikin wuraren da suka fi arzikin ƙasusuwan dainoso a Afirka. Can aka samo Ouranosaurus wanda masanin Faransa Philippe Taquet ya raɗa wa suna a 1976, da Suchomimus mai baki irin na kada da aka bayyana a 1998, da Nigersaurus da masanin Amurka Paul Sereno ya bayyana a 1999, mai tsawon kusan mita 9 da haƙora fiye da 500 a faffaɗan baki, yana kiwo a ƙasa kamar saniya. A lura, “nigeriensis” da ke cikin cikakken sunan Ouranosaurus nigeriensis Nijar yake nufi, ba Najeriya ba. Namu shi ne Goronyosaurus na ƙasar Sakkwato, shi kuma dabbar teku ne, ba dainoso ba. In ka ga littafin da ya ba ko Nigersaurus shafi guda, ka sa shi gaba da sauran.

Batun Gombe kuwa, kada ma ka sa rai. Amma malami zai iya cike gurbin da bakinsa. Kimanin shekara miliyan 93 da suka wuce, teku ya ratso ta kwarin Binuwai da Gongola ya haɗe da wanda ke arewacin Sahara. Dutsen da ake haƙa a Ashaka don yin siminti a ƙarƙashin wannan ruwan ya taru, shi ya sa ake samun amonait a cikinsa, ƙoƙon wata dabbar teku, naɗaɗɗe mai kama da ƙahon rago. Irin duwatsun Pindiga ma haka suke. Dutsen yashin Bima ya girme su, koguna ne suka zube shi kafin zuwan tekun. Yaron da aka nuna wa hoton amonait aka ce masa akwai irinsa a jiharsu, ba zai sake kallon littafin a matsayin tatsuniyar Turawa ba.

Ga ɗan firamare, zaɓi wanda ake zana mutum kusa da kowace dabba don a gane girmanta. Ga ɗan sakandare, nemi mai hoton ƙasusuwan gaske da taswirar inda aka tono su, ba zane kaɗai ba. Sannan buɗe tsakiyar littafin ka duba ko da zare aka ɗinka shi. Takarda mai sheƙi tana da nauyi, kuma wadda aka liƙa da gam kawai, zafin watan Afrilu da bushewar hunturu kan sa ta fara zubar da shafuka daga tsakiya.