Digiri na biyu a fannin koyar da harshe: abin da na gani da idona

Shekara tara na yi ina koyar da Hausa a wata sakandaren 'yan mata a ƙasar Zazzau kafin na koma karatun digiri na biyu a fannin koyar da harshe, a wata jami'ar tarayya, tsarin ma'aikata na Juma'a da Asabar. Tun da na gama abokan aiki ke tambayata ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ta biya. Ƙarin girma na je nema, kuma na samu, amma babbar ribata ita ce yadda na koma duba littattafan ɗalibaina.

A da, idan yarinya ta rubuta "rigana" ko "motan babana", sai in ja mata jan biro, in rubuta "rigata" a sama, in wuce. Shekara da shekaru ina gyara abu ɗaya, yana dawowa. A zangon farko, a darasin karin harshe, Farfesa ya ce in karanta irin wannan rubutun da ƙarfi, sannan ya tambaye ni: "Malama, haka ake faɗa a gidan su yarinyar?" Na ce haka ne. Ya ce to ai ba kuskure ta yi ba, Zazzaganci ta rubuta, wanda bai cika bambanta jinsin namiji da tamace kamar Kananci ba. Yadda Basakkwace zai ce "dokinai" a inda Bakano ke cewa "dokinsa". Daga nan aka haɗa mu da ra'ayin masanin koyar da harshe Pit Corder na 1967, cewa kurakuran mai koyo suna da tsari, kuma su ne ke nuna wa malami inda ɗalibi ya tsaya.

Ranar Litinin na raba allo biyu, gefe ɗaya Hausar gida, ɗaya daidaitacciyar Hausa da ake nema a jarrabawar WAEC da NECO. Wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta ce, "Malama, ashe ba lalatacciyar Hausa muke yi ba?" Har yau maganar nan tana raina, domin ni ce na sa mata wannan tunanin ban sani ba.

Darasin tsarin sauti ma ya yi min rana. Na daɗe da sanin cewa fara ta ci, da fara aiki, da farar riga ba ɗaya ba ne a baki, amma sai a can na iya bayyana cewa karin sauti, wato hawa da saukar murya, da tsawon wasali ne ke raba su, alhali rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya. Azuzuwan aikatau bakwai na masanin nahawun Hausa Parsons kuwa, da na haddace a digirin farko don cin jarrabawa, yanzu da saya, sayo, saye da sayar nake koyar da su, yaran suna kawo misalai daga kasuwa.

Akwai abin da bai yi min daɗi ba. Kusan duk abin da aka ba mu mu karanta da Turanci yake, kan yadda ake koyar da Turanci, mu ne za mu zauna mu juya shi ya dace da ajin Hausa mai yara fiye da tamanin. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ga yadda nake koyarwa, kuma a ganina wannan babban giɓi ne a karatun da aka ce na malamai ne. Yajin aikin jami'o'i na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya cinye mana wata takwas, babi na uku na kundina kuma ya yi wata huɗu a teburin mai duba ni. Karatun shekara biyu ya zama uku da ɗoriya, ga kuɗin mota da na buga takardu duk daga albashi.

Shawarata ga mai niyya, ya fara koyarwa ko da shekara uku ce kafin ya nema, kuma ya tafi da littattafan ɗalibansa. Daga cikin nawa na fitar da batun kundina, kan jinsi a rubutun 'yan aji ɗaya na babbar sakandare.