Ƙaramin keken fedal na zaune: sharhi bayan amfani

A Yamai, kai tsoho mai shanyewar ɓarin jiki ko ciwon gwiwa filin wasa na Seyni Kountché don ya motsa jiki aiki ne babba: ga kuɗin taksi, ga yashin unguwa da ke riƙe tayar keken guragu, ga zafin Afrilu da Mayu mai haura digiri 40. Saboda haka keken fedal ɗin nan da ake ajiyewa gaban kujera ya ci kuɗinsa, in dai an san halinsa.

Babban aibinsa gudu. A kan karo (tayil ɗin daɓe) ko siminti mai sulɓi, kowane taki sai ya ja gaba. A tokare shi da bango, ko a ɗaure shi da igiya a ƙafar kujera. Kujerar roba ba ta yi, mai zurfi kuma tana sa gwiwa ta haura ƙugu, baya ya ɗauki ciwo. Tazara daidai ita ce gwiwa ta rage ɗan lanƙwasa idan fedal ya kai ƙarshe. Mai keken guragu ya danne birki biyun, a ɗage matakan ƙafa.

Maɗaurin fedal ba shi da kirki. Ƙafar da ta shanye tana sulluɓewa, sai an sa takalmi rufaffe an naɗe da ƙyalle ta bayan dunduniya. Mai ciwon suga a duba masa ƙafa bayan an gama, don ba lallai ya ji gurzuwa ba.

Abin murɗawa na ƙara nauyi da guga yake aiki, shi ya sa ƙarfen tsakiya kan yi zafi. Kada jikoki su taɓa. Fedal na hagu a juye ake ɗaure shi, masu haɗawa da yawa nan suke cinye zaren. Lokacin hunturu a rufe shi da zane, ƙura na sa shi ƙara.

A fara da minti 5 sau biyu a rana ba nauyi, a ƙara minti 2 duk mako. Minti 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so, a hankali ake kai masa. Ciwon ƙirji, jiri ko sarƙewar numfashi, a tsaya nan take.

Ba ya koya wa tsoho tsayuwa daram, tunda a zaune ake yi. Wannan sai tashi da zama daga kujera, ana riƙe da shi, yadda likitan gashin ƙashi ya tsara.