Sharhi kan QGIS da PostGIS a aikin yanka fulotai

Jama'a ƴan harkar safiyo da yanka fulotai, tunda ana ta tambayata me muke amfani da shi a ofis, bari in faɗi abin da na gani game da QGIS, manhajar zana taswira a kwamfuta, haɗe da PostGIS, rumbun ajiye datar taswira, da QField, manhajar waya ta ɗaukar bayanai a fili, don yanzu duk aikinmu a kansu yake tafiya, tun daga awo a daji har zuwa taswirar da za a kai hukumar filaye.

QGIS kyauta ce dai, babu lasin da za ka riƙa biya da dala duk shekara, kuma da yadda dala take yanzu wannan kaɗai ya isa mutum ya waiwayo. Ba kuma jiya aka fara ta ba, tun 2002 Gary Sherman ya assasa ta. Amma gaskiya ba kyautar ce ta fi burge ni ba.

Abin da ya fi damun mu a da shi ne shapefile, wato tsohon tsarin fayil na ajiye taswira. Kowa da kofinsa, wannan a fulash, wancan a WhatsApp, mai zane ya gyara layin titi a nasa, mai rijista ya canja sunan mai fuloti a nasa, ranar da oga ya ce a kawo taswira sai a tsaya ana musu wanne ne na ƙarshe. Ga shi shapefile ba fayil ɗaya ba ne, akwai .shp da .shx da .dbf da .prj, yaro ya turo ma .shp kaɗai ya ce ai na turo. Sunan kolom kuma ba ya wuce harafi 10, ka rubuta sunan_mai_fili ya datse shi ya koma sunan_mai_ kawai, wanda ya zo bayanka sai ya yi ta canki.

Da muka zuba komai a PostGIS, wato rumbun data na PostgreSQL mai fahimtar taswira, sai data ta koma wuri ɗaya, kowa ya buɗe QGIS ɗinsa abu ɗaya yake kallo. A nan ne na ga amfaninsa wajen riƙe ma'aikata, don kowa da iyakarsa. Ƴan awo su shigar da bikon, wato alamar iyakar fili, mai zane ya taɓa iyakar fuloti, ƴan talla kuwa kallo kawai, ba su da ikon goge ko ɗigo. Mun sa ƙa'ida lambar fuloti ba ta maimaituwa a leyawut ɗaya, in ka gwada ma ba zai karɓa ba, kuma akwai ɗan umarnin SQL, yaren da ake ba rumbun data umarni da shi, da ke zaƙulo duk fulotan da suka hau kan juna. Duk wanda ya taɓa zama a gaban mai unguwa kan fili ɗaya mutum biyu kowa da takardarsa ya san darajar wannan, wallahi rigimar fili ba ta da daɗi ko kaɗan.

Sai batun datum, wato tushen da ake ɗora kodinet a kai, wanda shi ne ke kayar da sabbin yara. Tsofaffin takardun awo na Najeriya a kan datum ɗin Minna suke, ita kuwa GPS ta waya da hoton Google a kan datum ɗin WGS 84. Kano da Kaduna da Abuja duk zon 32 ne na UTM, tsarin kodinet da ya raba duniya zon-zon, Sakkwato 31, Maiduguri 33, to a zon 32 ɗin lambar da za ka zaɓa a QGIS don Minna ita ce EPSG 26332, ta WGS 84 kuma 32632. Kun ga yadda lambobin suka yi kama? Ido ya ɗan kauce ka zaɓi wadda ba ita ba, sai gaba ɗaya leyawut ya matsa fiye da tsawon fuloti mai ƙafa 50 da 100, kuma QGIS ba za ta yi ma ihu ba, za ta zana shi tsaf kamar komai lafiya. Shi ya sa muka kulle teburin data a kan tsari ɗaya, duk kodinet ɗin da ya shigo sai an rubuta daga ina ya fito da wanda ya auna.

QField a waya ta yi min, tana aiki ko babu sabis, yaro ya ɗau hoton bikon ya cike fom in ya dawo gari a haɗa. Amma don Allah kar wani ya kafa iyaka da GPS ɗin waya, kuskurensa mitoci ne. Iyaka sai na'urorin awo na ƙwararru, RTK ko total station, kuma QField na karɓar na'urar GNSS, wato GPS ta awo, ta Bluetooth in kana da ita.

Inda take da wahala kuma, kafa saba, wato kwamfutar da ke riƙe PostGIS, ba wasa ba ne, dole a samu mutum ɗaya da ya iya SQL, in ya tafi hutu kowa ya ji a jikinsa. Ga wuta, in babu sola ko inbata saba ta mutu aiki ya tsaya cak, kuma ajiyar kofi da pg_dump, umarnin kwafe rumbun data, kullum ne ba sai an tuna ba, mu har a wajen ofis muke ajiye ɗaya. Fayil ɗin DWG na manhajar zane ta AutoCAD ma ba kowanne ke buɗuwa yadda ake so ba, gara ka ce injiniya ya turo shi a tsarin DXF. Su kuma tsofaffin hannu da suka saba da AutoCAD sai da lallashi, ana hakuri da su dai.

In ku biyu ne a ofis da leyawut ɗaya, GeoPackage, wani tsarin fayil na taswira, ta ishe ku, fayil ɗaya ne kuma ba ya datse suna. Amma da zarar mutum uku huɗu sun fara gyara abu ɗaya a lokaci ɗaya, ku nemi mai kafa muku PostGIS, kuma kafin a zuba data ku zauna ku rubuta wa ke da ikon taɓa wane tebur.